Rikoda da Muryoyin da Ke Kwance Cikin Akwati

Gaisuwa ga mutanen Gwandu da Kalgo, da na Kambaza, Dalijan, Diggi da Zuguru, har da ku manoman da ke fadama kuna ban ruwa, rediyo na rataye a reshen bishiya. Allah ya ba da yabanya mai albarka.

Yau zancen rikoda za mu yi, wato akwatin nan mai hannun ɗauka, mai rediyo da gidan kaset, wani ma har da murfin faifan CD a samansa. Na san wani matashi zai ce ai wannan kayan dā ne, waya ta gama da shi. Ka ɗan yi haƙuri, ɗana, ka saurara zuwa ƙarshe, don aikin da za mu yi magana a kai a hannunka yake.

(Sautin rufe gidan kaset da danna maɓalli)

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, kuma injiniyan da ya jagoranci aikin, Lou Ottens, ya rayu har zuwa 2021. Mu nan ƙasar Hausa kaset ya bazu ne a shekarun 1970, zamanin da kuɗin man fetur suka shigo, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji, alhazai kuma suna saukowa daga Makka da rikoda cikin tsaraba. National da Sharp da Sanyo, duk sunaye ne da dattawanmu suka sani. Amarya takan ɗinka wa rikodarta riga, ta ɗora ta bisa kabad kusa da jeren kwanoni, yaro bai isa ya taɓa ba.

Kafin zuwanta akwai garmaho, akwai rediyo, amma dukansu su ke magana, kai naka saurare. Rikoda ce ta zo da jan maɓallin nan na ɗaukar murya. Daga ranar, wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya ajiye maganarsa, ya aika ta wata ƙasa, a ji ta da bakinsa.

Kuma mutane sun yi amfani da damar. Da azumi, idan Rediyon Kaduna ya sako tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, ko na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, za ka tarar da magidanci zaune gaban akwati, yatsa bisa maɓalli, ya hana yara ko tari. Direbobin da ke bi ta mararrabar Kalgo zuwa Jega ko Bunza da Kamba ba sa tashi sai da kaset ɗin Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace. A nan jiharmu ta Kebbi an saurari Sani Aliyu Ɗandawo, an saurari Gambu na Fagada, wani a fili, wani a ɓoye. Ɗan ci-rani da ke Ikko ko Kumasi, da wanda zama ya kama a Makka, sai ya sayi kaset, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya gaida mahaifiyarsa, ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba. Idan saƙon ya iso a tara gida duka a tsakar gida bayan isha'i. Tsohuwa tana amsa gaisuwar tana share hawaye, kamar yana gabanta. Washegari a juya bayan kaset ɗin a mayar masa da amsa.

To, ina waɗannan kaset-kaset suke yau?

Na Shata ba su da matsala. Ya rasu a 1999, amma waƙoƙinsa na cikin wayoyi, masu tura waƙa a kasuwa suna da su, intanet ma cike take da su. Haka karatun manyan malamai irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, almajirai sun kwashe sun adana. Abin da ke damuna shi ne wanda ba shi da na biyu: tafsirin limamin unguwarku da ya rasu, kiɗan makaɗin noman ƙauyenku ranar gayya, waƙar niƙa ko ta daɓe da wata gwaggo ta rera ranar biki, dattijon da aka zaunar ya faɗi asalin gidanku da wanda ya haifi wane. Waɗannan kwafi ɗaya ne tak a duniya, yana cikin tsohuwar adaka ko ƙarƙashin gado. Ranar da zaren ya lalace, shi ke nan, babu inda za a je a samo.

Mutumin Gwandu ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A garin nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, ƙanen Mujaddadi Shehu Usmanu, kuma shi Malam Abdullahin aka damƙa wa yammacin daula. Kusan shekara ɗari biyu da rasuwarsa, amma har gobe ana karanta tafsirinsa Diya'ut Ta'wili, ana karanta Tazyinul Waraƙati. Takarda ba ta fi zaren kaset ƙarfi ba, gara na cinta, ruwa na ɓata ta. Abin da ya kawo mana littattafan nan shi ne almajiran da suka duƙa da alƙalami da tawada suna kwafewa, wannan ya karɓa daga wancan, tun kafin ɗab'i ya zo. Irin aikin ke nan da kaset ke jira daga gare mu.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu zo kan yadda ake yi, don da yawa sun ɓata abin da suke son ceta saboda gaggawa.

Zaren kaset siririyar leda ce da aka shafe da garin ƙarfe mai kama maganaɗisu, a jikin garin nan sauti yake zaune. Zafi na lanƙwasa ledar, laima na sa ta manne da juna har ta yi fumfuna, maganaɗisu kuma na iya shafe sautin. Ku tuna irin zafin da muke sha a watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40, sannan ku tuna ɗakin kwano da rana tsaka. Don haka kada a bar kaset a gaban mota, ko bakin taga, ko bisa babbar lasifika, domin akwai maganaɗisu a cikinta. A sa shi cikin gidansa, a jera a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Idan ka ɗauko tsohon kaset, kada ka jefa shi cikin rikoda kai tsaye. Fara duba samansa. Akwai 'yan ƙananan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowane gefe. Ɓalle su da tsinke ko bakin wuƙa. Muddin ramin nan a buɗe yake, jan maɓalli ba zai dannu ba, yaro ba zai goge muryar kakansa da kuskure ba. Sai ka zura biro cikin ramin tayar kaset ɗin, ka juya a hankali. In ya tafi sumul, madalla. In ka ji ya cije, kada ka tilasta, ka ɗan bubbuga shi bisa tafin hannu, ka sake gwadawa. Leƙa ƙasansa kuma, tsakiyar inda zare yake wucewa, akwai ɗan guntun soso da ke tallafe zaren. Idan ya faɗi, sauti zai fito a dushe, amma ana iya ciro na wani kaset marar amfani a manna.

Ita ma rikodar sai an shirya ta. Buɗe gidan kaset, za ka ga ɗan ƙarfe mai sheƙi a tsakiya, shi ne kan da ke karanta sauti. Gefensa akwai siririn sanda na ƙarfe da wata 'yar baƙar tayar roba, su ke jan zare. Naɗa auduga a tsinken ashana, ka jiƙa da sifirit kaɗan, ka goge su har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa, ka bari su bushe. Yawancin rikodar da ake cewa tana cin kaset, dattin tayar nan ne da ƙurar hunturu suka yi mata yawa. In kuwa murya na fitowa tana jan jiki, mawaƙi kamar mai jin barci, to ko batir ya yi sanyi, ko bel ɗin ciki ya saki. Bel ba shi da tsada, mai gyaran rediyo zai canza maka. Kuma ka fara gwada na'urar da kaset ɗin da ba ka jin asararsa, kafin ka sa mai daraja.

Zare ya tsinke? Ba ƙarshen zance ba ne. A yanke inda ya cukurkuɗe da reza, a haɗa bakin biyu daidai, a manna ɗan siririn salatif ta bayan zaren, wato gefen da ba ya taɓa kan na'ura. Kalma ɗaya ko biyu za a rasa, sauran su tsira.

Maganar batir kuma, motar da ke juya kaset ta fi rediyo shan wuta nesa ba kusa ba, shi ya sa mutanen dā suke mayar da zare baya da biro don tattali. Kada a gauraya sabon batir da tsoho. Idan za a ajiye rikoda na tsawon lokaci, a cire batir ɗin gaba ɗaya, don in ya fashe ruwansa na cinye ƙarafan ciki. Rikoda da yawa wannan ne ya kashe su, ba tsufa ba.

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fito da shi a 1982, bai daɗe a hannunmu ba memori da waya suka ture shi. A riƙe shi ta gefe, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagayensa. Wanda aka ɗora wa waƙa ko wa'azi a shago ya fi saurin lalacewa, musamman in rana ta dake shi, saboda haka kada wanda ya mayar da kaset ɗinsa kan CD ya ɗauka ya gama.

Ɓangaren rediyo shi ne bai taɓa tsufa ba a wajenmu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Mun saurari Rima Rediyo tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Har yau makiyayi a daji da manomin shinkafa a fadama, inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa, da ƙaramar rediyon Kchibo suke sanin halin da duniya take ciki. Ga abin da zai taimaka: in FM kake nema ko gajeren zango, zaro eriya duka. In matsakaicin zango ne, eriyarsa na cikin akwatin, don haka akwatin za ka riƙa juyawa har murya ta washe. Idan kana jin ƙara kamar ana suya, duba ko akwai cajar waya, ko ƙwan lantarki na zamani, ko injin sola kusa. Matsa nesa da su, ko ka fita tsakar gida.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ga aikinka, kai matashi mai waya. In ka sami igiyar da za ta haɗa ramin abin sauraren kunne na rikoda da kwamfuta, ita ta fi ba da sauti mai kyau. Akwai kuma sababbin rikodoji masu ɗaukar abin da ke kan kaset su zuba a memori. In duk babu, shiga ɗaki da dare bayan gari ya yi tsit, kashe fanka, ajiye waya kamar taƙi ɗaya daga lasifika, kada ka ƙure ƙara, ka danna ɗauka. Sai ka yi haƙuri, don wannan aiki ba ya karɓar sauri. Kaset mai lamba 60 awa guda yake ci, mai lamba 90 awa ɗaya da rabi.

Kafin ka fara, ka zauna da Baba ko Inna ka tambaya: muryar wa ce wannan, a wane gari aka ɗauka, wace shekara, wane taro ne? Ka faɗi amsar da bakinka a farkon ɗaukar, ka kuma rubuta a jikin gidan kaset ɗin. Murya ba suna, bayan shekara ashirin ba wanda zai san mai ita. Idan ka gama, ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Kaset ɗin ma kada a yar, a mayar da shi ma'ajiyarsa. Abin da ya shafi sirrin gida kuwa, kamar saƙon ɗan ci-rani ga iyalinsa, ya tsaya cikin gida, kada a watsa shi a Facebook sai da yardar masu shi.

Muna kuma miƙa kira ga hukumomi. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Majalisar Masarautar Gwandu. Ɗaki ɗaya, rikoda mai lafiya, kwamfuta, da ɗalibai masu kishin harshensu sun isa a fara. A yi shela, jama'a su kawo, a kwafe, a rubuta bayani, a mayar wa kowa abinsa. Su ma masu gyaran rediyo da suka san cikin na'urar nan sun fara manyanta, ya kamata a nemi yaran da za su koya a hannunsu tun suna da ƙarfin koyarwa.

Iyayenmu maza da mata da ke saurare, don Allah a wannan makon a buɗe akwatunan nan, a fito da kaset-kaset, a kira yara a nuna musu wanda za su fara da shi. A fara da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.