Gyaran ɗakunan kwano kafin bazara a Madarunfa

Duk wanda ya taɓa yini cikin ɗakin kwano a Madarunfa a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce maki 40, ya san abin da ke korar iyali zuwa gindin itace. Kwano yana shan rana tun hantsi, ya juye zafinta a kan mai ɗaki. Masu hali sukan sa fanka. To amma yawancin lantarkin jihar Maraɗi daga Nijeriya yake zuwa ta Katsina, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na 2023, fanka ta zama ado.

Soron kakanni ya fi sanyi, domin ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi. Aibinsa cin azara, ga shi dajin Baban Rafi ya daɗe yana ciyar da murahun Maraɗi. Shi ya sa gwajin da aka fara a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980 ya cancanci kulawa: rufin tulluwa da tubalin ƙasa zalla, babu itace, dabarar da aka koyo daga Masar.

Gidajen ma'aikata da azuzuwan lakwal da aka riga aka rufa da kwano kuwa, ba sai an rushe su ba. A shafa wa kwanon farin fenti, a shimfiɗa zana ƙarƙashinsa, a bar rata inda iska mai zafi za ta fita, a huda tagogi biyu masu duban juna. Dogon yaron da za a dasa yamma da ɗaki, shi kam sai an jira shi ƴan shekaru.