Masar: Tsakanin likita da kantin magani, zaɓin iyayen yara masu ƙarancin natsuwa

A unguwar Wustul Balad da ke tsakiyar birnin Alƙahira, da wuya mutum ya ɗaga kai a titin Talaat Harb ko Babul Luƙ bai ga allunan likitoci maƙale a jikin tsofaffin benaye ba. Daga cikin masu hawa waɗannan benaye da maraice akwai iyayen da malaman makaranta suka ishe su da ƙorafin cewa 'ya'yansu ba sa zama wuri guda, ba sa kuma ƙarasa aikin da aka ba su. A ƙasar Hausa a kan kira wannan ƙiriniya, a nemi bulala. To, amma a wurin likitoci wani lokacin larura ce da ake kira ADHD, wadda aka ƙiyasta tana shafar kimanin yara 5 cikin 100 a duniya.

Idan bincike ya tabbatar da larurar, magana ta kan tsaya ne kan magunguna biyu. Na farko shi ne methylphenidate, wanda aka fara harhaɗawa a kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan a 1944. Samfurinsa na Ritalin yana fara aiki cikin ƙasa da awa guda, sai dai ƙarfinsa kan ƙare bayan awa uku zuwa huɗu, abin da ke tilasta wa yaro shan wata ƙwayar a makaranta. Samfurin Concerta kuwa yana sakin maganin sannu a hankali har kusan awa 12. Duka biyun kan rage cin abinci, su kuma hana barci idan aka sha da yamma. Wani nazari na gwaje-gwaje 133 da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2018 ya nuna cewa methylphenidate ne ya fi dacewa a fara gwadawa ga yara.

Sai dai a Masar wannan magani yana cikin abin da jama'a ke kira gadwal, wato jerin magungunan da hukuma ke sa wa ido a ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi mai lamba 182 ta 1960. Ba kowane kanti ke ajiye shi ba, ba a kuma sayar da shi sai da takardar likita mai hatimi. Bayan karya darajar fam ɗin Masar a 2016 da kuma 2024, magungunan da ake shigowa da su daga waje sun yi ƙaranci, inda mutane suka riƙa yin layi a kantin Is'af da ke titin Ramsis domin neman abin da ya ɓace a kasuwa.

Wannan ne ke sa wasu iyaye karkata ga na biyun, wato atomoxetine, wanda Amurka ta amince da shi a 2002 da sunan Strattera. Ba ya jawo jaraba, amma yana buƙatar haƙuri, domin sai an yi makonni kafin a ga sauyi. A 2005 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙalilan daga cikin yaran da ke shan sa kan yi tunanin kashe kansu, saboda haka dole a lura da su sosai a watannin farko.

Kafin a rubuta ko wanne, wajibi ne likita ya auna nauyin yaro da tsawonsa da bugun zuciyarsa, iyaye kuma su faɗa masa idan akwai ciwon zuciya a dangi, ko farfaɗiya a jikin yaron. Ga 'yan Najeriya da Nijar da ke zuwa Alƙahira neman magani, akwai ƙarin tambaya guda: shin za a samu maganin a gida idan wanda aka saya ya ƙare? Methylphenidate yana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971, don haka tsallaka iyaka da shi ba tare da takardar likita ba na iya jefa matafiyi hannun jami'an kwastan.