MAGARIYA DA DUNGAS: UBA MA MAI RENO NE

A ƙasar Magariya da Dungas, daga watan Yuli zuwa na Oktoba, kira biyu ne suke haɗuwa a kan magidanci. Gona tana kira, domin lokacin noma ne da maimai. Gida kuma yana kira, domin a lokacin ne sauro yake yawa, hatsi ya ja baya cikin rumbu, zazzaɓi da tamowa su far wa yara ƙanana. Idan ciwon yaro ya tsananta, uwarsa ce take goya shi zuwa gidan likita, ta zauna jinyarsa mako guda ko fiye. To, a nan tambaya take tasowa: wa zai riƙe sauran yaran da ta bari a gida?

A da wannan tambaya ba ta da wuya. Yau kuwa ta zama babbar magana, kuma a gidaje da dama amsarta ita ce: ubansu.

YADDA AKA GADA

Kamar yadda aka sani, a zaman Hausawa an raba aiki tun kaka da kakanni. Namiji shi ne da gona da rumbu da cefane da tufatarwa. Mace ita ce da daka da girki da reno. Har kunya ta shiga tsakani: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a idon jama'a. Mai ciki na fari tana tafiya goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jego a can, in lokacin yaye ya zo a kai yaro wajen kakarsa. Namijin da aka gani yana wanke wa yaro jiki ko yana hura wuta, ba ya rasa mai ce masa mijin-ta-ce.

Wannan tsari ya riƙe jama'a ne saboda gida babba ne. A zamanin gandu, uba da 'ya'yansa maza da matansu suna cikin shinge guda, rumbu guda, tukunya guda. In mace guda ta tafi jinya, akwai kishiya, akwai suruka, akwai matar wa ko matar ƙane.

ABIN DA YA SAKE

Yau gandu ya ragu ƙwarai. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da 570.000 a gundumar Magariya, fiye da 350.000 kuma a ta Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011. Mutane sun yi yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, saurayi yana yin aure ya ware tukunyarsa. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar yara 7,6 a matsakaicin lissafi. Ke nan uwar da ta tafi jinya da yaro guda, sau da yawa uku ko huɗu ta bari a baya.

Babbar ɗiya, wadda a da ita ce take maye gurbin uwa, yanzu ana so ta zauna a makaranta. Mata kuma sun shiga neman na kansu: sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, cin kasuwannin kan iyaka, asusun mata. Har ci rani, wanda aka sani na maza ne zuwa Kano ko Legas ko Libiya, mata sun shige shi. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, maƙwabciyar Magariya. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar daga birnin Dakar a jirgin sama, akasarinsu mata da yara na Kance da Magariya. Kowace irin wannan tafiya tana barin gida babu uwa, tana barin magidanci da aikin da ba a koya masa ba.

Nauyin ciwo kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, wato MSF, ta fara aiki a Magariya a 2005, shekarar da yunwa ta addabi ƙasa. A watan Satumba na 2018 ta ba da sanarwa cewa yara fiye da 700 suna kwance a sashen yara na babbar likitar garin, kuma wajen yara 10 suna rasuwa a kowace rana. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna faɗin abu guda: yawancin yaran da ake rasawa, a makare ake kawo su. Daga cikin dalilan makara akwai jiran iznin maigida, da rashin kuɗin amalanke ko kabu-kabu, da kuma tsoron uwa ta bar sauran 'ya'yanta ba mai duba su.

MAKARANTAR MAZAJE

A shekarar 2007 asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, wato UNFPA, ya sa aka yi bincike a jahar Damagaram domin a gano abin da yake hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a likita. Binciken ya nuna cewa mabuɗin yana hannun maza, domin su ne masu ba da izni, su ne kuma masu hanawa. Saboda haka a 2008 aka buɗe makarantun mazaje guda 11 na gwaji, tare da hukumar lafiya da wata ƙungiya ta cikin ƙasa mai suna SongES. Ƙasar Magariya tana cikin wuraren farko, garin Bande kuma ya yi suna a wannan aiki. Zuwa 2011 makarantun sun wuce 130 a jahar.

Makarantar mazaje ba ta da aji, ba ta da allo, ba ta da shugaba. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, suna haɗuwa sau biyu a wata a gindin itace ko a harabar likita. Kafin a karɓi mutum sai ya kasance mai aure, ya kai shekara 25, an shaide shi da halin kirki da zaman lafiya da iyalinsa, matarsa tana zuwa likita, kuma ya yarda ya yi aikin ba da albashi ba. Ungozoma ko shugaban likita yakan kawo musu lissafin wata: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, wane ƙauye ne ya ja baya. Su kuma su yi shawara, su raba aiki, su bi majalisa-majalisa da wajen suna da ɗaurin aure suna yi wa 'yan uwansu maza bayani. A wasu garuruwa da hannunsu suka gina salanga da ɗakin ungozoma.

Gaskiya ne ba domin girki ko wanka aka kafa waɗannan makarantu ba. Amma magidancin da ya raka matarsa awo, ya ji da kunnensa cewa mai tsohon ciki ba ta kamata da ɗaukar tulu daga nesa ba, ya dawo gida da tambayar da sai shi zai amsa: to, wa zai ɗebo ruwan? Daga nan aka fara ganin masu ɗora jarka a amalanke, masu kawo itace, masu riƙe yaro uwarsa tana daka. Kuma da yake dattawa ne da ake ganin girmansu, bakin masu ba'a ya fara mutuwa. Malamai ma sun taimaka, suna tunatar da jama'a cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan taya iyalinsa aikin gida.

ABIN DA UBA ZAI IYA

Ayyukan ba su fi ƙarfin kowa ba. Tun 2013 aka fara raba wa yara masu wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damana. Mai rabo yana ba da na ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku a gida ake sha, kuma idan uwa ba ta nan, uba ne zai tuna. Akwai kuma zaren awon damtse mai launi uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a garzaya likita a ranar. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya wannan awo, ya karanta katin yaro, ya san ranar allura. Ɗaura gidan sauro da magariba, dama kunu, wanke hannun yaro da sabulu kafin cin abinci: babu ɗaya da yake rage wa namiji daraja.

A wasu ƙasashe doka ce ta shigo cikin maganar. Suwidin ta fara ba uba hutun reno da albashi a 1974, a 1995 kuma ta ware wata guda wanda uba kaɗai yake da shi. A Ingila da Amurka akwai mazan da suke zama gida da yara, matansu suna aikin ofis. Manomin Wacca ko na Dogo-Dogo ba shi da albashi balle hutu; ranar da ya zauna gida, ciyawa ba ta jiransa a gona. Shi ya sa dabarar Damagaram ta bi ta hanyar majalisar maza da shawarar dattawa, har ƙasashe irin su Burkina Faso da Mali da Kodibuwa da Senegal suka kwaikwaye ta.

SAURAN AIKI

Har yanzu tafiyar da nisa. Masu irin wannan hali ba su da yawa, kuma aikin sa kai yakan yi sanyi in babu mai bibiya. A gidaje da yawa, ranar da uwa ta tafi jinya, yarinya 'yar shekara goma ce take barin makaranta ta hau murhu. Saboda haka ya kamata shugabannin gundumomi da sarakuna da masu gari su riƙa halartar zaman waɗannan makarantu, ma'aikatan lafiya su karɓi uban da ya kawo ɗansa da fara'a, ba da tambayar ina uwarsa ba, maƙwabta kuma su raya gayya, su nome gonar wanda jinya ta tsare a gida.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ta san cewa maigida zai riƙe mata gida, tun ranar farko ta zazzaɓi za ta kama hanyar likita. Sau da yawa kuwa wannan rana guda ita ce take tsakanin yaro da mutuwa.