Yaƙi a Idon Yaro: Littattafan Zane da Ke Faɗin Abin da Manya Suka Haɗiye

A gidajenmu na baƙunta akwai labarin da ba a cika ba yara ba. Wani ya baro Bangui a 2014 da kayan jikinsa kawai, wani ya fito daga Khartoum bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wani kuma rikicin Abidjan na 2011 ne ya cinye masa shago. In yaro ya tambaya, sai a ce masa ya wuce, Allah ya kiyaye gaba. To amma yaron da aka goyo a wannan gudu fa, me ya gani, me ya riƙe a ransa?

Akwai wasu littattafai da suka amsa wannan tambaya, kuma waɗanda suka rubuta su yaran ne da kansu bayan sun girma. Da zane suka ba da labarin, hoto bayan hoto, da 'yar magana a gefe. Yaranmu da ke makarantar Faransanci a Kamaru, Nijar, Chadi ko Kwatano sun san irinsu, suna ce musu bede. Da yawa cikinmu mun ɗauka na wasan yara ne. Waɗannan kam ba wasa a cikinsu.

Wanda ya fi suna shi ne Persepolis na Marjane Satrapi, 'yar Iran da aka haifa a 1969, ta tashi a Tehran. An buga shi da Faransanci a kashi huɗu tsakanin 2000 da 2003, zanen duka baƙi da fari. Tana 'yar shekara tara aka yi juyin juya halin 1979 da ya kori Sarki Shah, sannan a 1980 yaƙi ya ɓarke da Iraki, aka kwashe shekara takwas ana yi.

Ba tarihin shugabanni ta rubuta ba, abin da ya shigo gidansu ta zana. Kawunta Anoosh ya sha ɗauri a zamanin Shah, aka sake shi, sabuwar gwamnati ta sake kama shi. Da aka ce mutum ɗaya zai gani kafin a kashe shi, ita ya zaɓa, ya ba ta wata 'yar tsuntsuwa da ya murza da burodin kurkuku. Matar da ke musu aiki ta zo da mabuɗin roba mai ruwan zinare da aka ba ɗanta a makaranta, wai in ya mutu a fagen daga shi zai buɗe masa Aljanna. Yarinyar ta lura cewa 'ya'yan talakawa ake ba wannan mabuɗi. Wata rana makami mai linzami ya faɗa unguwarsu, ya rushe gidan maƙwabtansu, ta hango awarwaron ƙawarta a cikin ɓaraguzai. A nan sai ta bar gurbin hoton baƙi ƙirin, don abin ya fi ƙarfin zane.

Inda labarin ya fi taɓa mu 'yan kasuwa shi ne 1984. Iyayenta suka ga zama ya yi haɗari, suka tura ta Biyana ta ƙasar Ostiriya tana 'yar shekara 14, wurin wata ƙawar mahaifiyarta. A filin jirgi ta waiwaya, ta ga uwar ta suma, uban na ɗauke da ita. Wadda aka ba amanar kuwa ba ta daɗe ba ta miƙa ta gidan kwanan ɗalibai. Daga nan sai kaɗaici, sai abokan banza, sai ƙwaya. Har ta taɓa cewa ita Bafaransa ce don kunyar a san asalinta, abin da ya dame ta ƙwarai da ta tuna faɗan kakarta. Ƙarshe ta kwana a titi cikin hunturu, ciwon ƙirji ya kai ta asibiti, ta koma gida. Bam bai kashe ta a Tehran ba, amma rashin mai kula ya kusa kashe ta a garin da babu yaƙi.

Wannan sai mu tsaya mu auna. Mu nawa ne muka tura yaro wurin ɗan'uwa a wani gari, ko gida don karatu, muka ce ai yana hannu nagari, kuɗi kawai muke aikawa? Nisa da harsashi ba shi ne tsira duka ba.

Akwai wasu kuma. Zeina Abirached, haifaffiyar Beirut a 1981, ta fitar da Le jeu des hirondelles a 2007. Labarin dare ɗaya ne tak a 1984, lokacin yaƙin basasar Labanan na 1975 zuwa 1990. Iyayenta sun je gaida kaka, 'yan layuka kaɗan tsakani, ruwan bama-bamai ya hana su dawowa. Maƙwabta suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗan zauren gidansu, wuri mafi aminci a benen, suna hira da yaran don kada tsoro ya kama su. Duk wanda ya zauna a zango ya san darajar irin waɗannan maƙwabta.

When Stars Are Scattered, wanda ya fito a 2020, labarin Omar Mohamed ne, Victoria Jamieson ta zana. Yana ɗan shekara huɗu ya gudo daga Somaliya da ƙanensa Hassan wanda ba ya magana, suka yi shekara 15 a sansanin Dadaab na Kenya, wata mata da ba ta haife su ba ta riƙe su. Babban tashin hankalin Omar shi ne: ya tafi makaranta, ko ya zauna ya kula da ƙanensa? A Japan kuma Keiji Nakazawa, wanda yake ɗan shekara shida ranar da aka jefa bam a Hiroshima a 1945, ya rasa mahaifi da yayarsa da ƙanensa, ya fara zana Hadashi no Gen a 1973 bisa abin da ya gani.

Me ya sa zane? Yaro ba ya riƙe ranaku da sunayen jam'iyyu. Fuskar uwarsa yake riƙewa lokacin da aka ji ƙara, da layin shago da babu kaya, da fitilar da aka kashe. Zane na iya nuna wannan ba tare da dogon bayani ba, kuma wanda karatunsa bai yi zurfi ba zai bi labarin. Ga yaranmu da harshen makaranta daban, na gida daban, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai fa a yi hattara, ba kowanne ake miƙa wa ƙaramin yaro ba. A Persepolis akwai hotunan azabtarwa, akwai rayuwar da ta yi a Turai, kuma marubuciyar ta zana Ubangiji yadda ta riya shi tana yarinya, abin da Musulmi ba zai yarda da shi ba. Saboda wannan ne aka yi zanga-zanga a Tunisiya a 2011 da wani gidan talabijin ya nuna fim ɗin littafin na 2007. Kuma labarin gida ɗaya ne, na masu hali da boko, ba muryar duk Iraniyawa ba. Uba ko uwa su fara dubawa tukuna. Na Omar Mohamed don yara aka yi shi, dangin Musulmi ne, da shi ya fi dacewa a fara. Na Abirached ma babu jini a fili.

In an samu littafin, kada a jefa wa yaro a wuce kasuwa. A zauna tare bayan sallar isha, a buɗe, a tambaye shi me ya gani a wannan fuskar. Wataƙila daga nan ya ce, Baba, mu ma haka muka yi? Ranar nan sai a daure a ba shi amsa, gwargwadon shekarunsa. In kuma shi ne ya ga abin da idonsa, a ba shi takarda da fensir, a bar shi ya zana, kada a ce ya manta.