Gashi da Ruwa: Yadda Yake Rage Ciwo da Farfaɗo da Gaɓɓai

Duk wanda ya taɓa karaya ya san cewa kwance ɗori ba shi ne ƙarshen jinya ba. Ƙashi ya haɗe, amma tsoka ta rame, gaɓa ta sandare, taka ƙasa kuma ya zama azaba. A garuruwa irin su Kiru, Tudun Wada da Doguwa, inda abincin mutum ke ga ƙarfin ƙafarsa da bayansa, wannan na nufin damina guda ta wuce manomi. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu gashin ƙashi ke bi wajen dawo da irin wannan majinyaci kan ƙafarsa ita ce motsa jiki a cikin ruwa.

Hikimar abin tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, Bagirike Arkimidis ya bayyana cewa duk abin da aka tsoma a ruwa, ruwan zai tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Saboda haka mutumin da ruwa ya kai masa ƙugu, kusan rabin nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka. In ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Wato mai nauyin kilo 70 zai taka ƙasa tamkar mai kilo 7. Ke nan gwiwar da amosani ya ci tana iya koyon tafiya ba tare da an danne ta ba. Ruwa kuma yana turje wa motsi ta kowace fuska, don haka tsoka na yin aiki a hankali, ba fizga. Ɗumin ruwan, wanda a asibiti ake tsayar da shi tsakanin digiri 33 zuwa 36, yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ya saki tsokar da ta ɗaure, ya rage zafin ciwo.

Shan inna ne ya fito da wannan hanya fili. A 1924 Franklin Roosevelt, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya fara zuwa maɓuɓɓugar ɗumi ta Warm Springs saboda shanyewar ƙafafunsa. Ruwan bai warkar da shi ba, kuma ya kamata ɗalibai su lura da wannan: gashi ba ya raya jijiyar da ta mutu, sai dai ya ƙarfafa abin da ya saura.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne a nan, ga wankan jego shaida. Sai dai ɗumi daban, tafasa daban. Binciken da likitoci Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da tsananin zafin da ake gasa su da shi, haɗe da shan kunun kanwa. Zafi mai yawa yana ƙara wa zuciya aiki.

To, tunda ga madatsar Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974, ga kuma tafkin Bagauda, me zai hana majinyaci ya shiga? A ganina wannan ganganci ne. Ruwan da ba ya gudu sosai mazaunin wata ƙaramar katantanwa ce mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar takan fito ta huda lafiyayyar fata cikin 'yan mintoci, ta girma a cikin jiki ta je ta zauna a jijiyoyin jinin mafitsara, ƙwayayenta kuma su haddasa fitsarin jini. Ga haɗarin nutsewa ga wanda ƙafarsa ba ta da ƙarfi.

Abin da za a iya yi a gida shi ne jiƙa hannu ko ƙafa a bahon ruwa mai tsabta, wanda gwiwar hannu za ta iya jure ɗuminsa, na kimanin minti 15, ana motsa gaɓar sannu a hankali. Sabon targaɗe mai kumburi ruwan sanyi yake so a kwana biyun farko. Mai buɗaɗɗen rauni, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin zafi, kada su fara sai da izinin likita. Wanda gaɓarsa ta ƙi lanƙwasuwa makonni bayan kwance ɗori kuwa, a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.