Arzikin Gida da Tsadar Kaya: Bayani ga Magidanta na Gombe

Sau da yawa a kan ji magidanci yana cewa albashinsa ya ƙaru, amma cefanen gidansa ya ragu. Maganarsa gaskiya ce, gama ba a auna arzikin gida da yawan takardun kuɗi, sai da yawan hatsi da sutura da magani da kuɗin za su saya. Nufin wannan bayani shi ne mai karatu ya gane yadda shawarar da Gwamnati ta yanke ta kan iso har tukunyar uwargida a Jekadafari ko Pantami ko Bolari.

Mene ne hauhawar farashi?

Idan kuɗi suka yi yawa a hannun jama'a alhali kaya ba su ƙaru ba, ko kuwa wahalar samar da kayan ta ƙaru, to farashi zai tashi. In tashin ya game kusan kowane abu, ya kuma ɗore, shi a ke kira hauhawar farashi.

Ga misali. A 1974 Hukumar Udoji ta ba da shawara a ƙara albashin ma'aikatan Gwamnati. A farkon 1975 aka biya ƙarin, har da ariyas na watanni. Kuɗi suka cika gari, kaya kuwa suna nan yadda su ke. A wannan shekara farashi ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari. Manomi da ɗan dako, waɗanda ba su sami ko kwabo ba, su ma sabon farashin suka biya.

A 1981 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wato wajen dalar Amurka 200 a lokacin. A 2024 aka mai da shi naira 70,000. A ƙidaya ya ninka sau 560, amma da aka auna shi da dala bai kai 50 ba. Wannan ya shafi kowa, domin magani da alkama da kayan gyaran mota yawancinsu da dala a ke sayo su.

Abin da Gombe ta gani

Auduga da gyaɗa su ne suka fara ɗaukaka kasuwancin Gombe, balle da jirgin ƙasa ya iso a 1963. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da a ke kira SAP. Darajar naira ta faɗi, aka kuma rushe hukumomin da ke sayen amfanin gona. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, amma ya rasa tsayayyen farashi. Da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe daga baya, sai cinikin auduga ya ja da baya.

Ran 1 ga Oktoba, 1996, Gombe ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, filaye da gidajen haya suka yi tsada. Mai fili ya wayi gari dukiyarsa ta ƙaru, ɗan haya kuwa nauyinsa ne ya ƙaru. A nan akwai abin lura: tsada ta kan ɗaga wanda ya mallaki abu, ta danne wanda ba shi da komai sai tsabar kuɗi.

Canje-canjen 2023

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wanda ya ci fiye da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500. A watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a 2024.

Yaya wannan ya shiga tukunya? Da fetur a ke tuƙa babura da ƙananan motocin da ke kawo masara da wake daga wajen Kumo da Dukku da Bajoga zuwa kasuwar Tudun Hatsi. Da shi masu noman rani na Daɗin Kowa su ke ta da injin ban-ruwa. Faɗuwar naira kuma ta tsadantar da taki da maganin feshi. Kowane ɗayan waɗannan a kan mudu ya ke sauka. A ɗaya gefen, kason da jihohi ke samu daga asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai, saboda haka jama'a suna da hakkin tambayar abin da aka yi da shi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A 2025 aka sabunta ma'aunin lissafin, adadin kuma ya yi ta sauka. Kada mai karatu ya ɗauka cewa saukar adadin ita ce arahar kaya. Abin naira 1,000 in ya hau da kashi 30 ya zama 1,300. In baɗi ya hau da kashi 15 kaɗai, ya zama 1,495. Gudun ne ya ragu, ba a koma baya ba.

Me ya kamata magidanci ya yi?

1. Ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, shi da iyalinsa, don ya san ta inda kuɗi ke zurarewa.

2. Ya sayi hatsin gidansa da kaka, lokacin da ya fi araha, ya adana shi inda ƙwari da laima ba za su ɓata shi ba. Wannan tanadi ne. Ɓoye kaya don a jira su yi tsada kuwa cutar jama'a ce.

3. Kada ya bar rarar kuɗi a kwance. Tunkiya ko kajin kiwo ko keken ɗinki sun fi riƙe daraja.

4. In za a yi adashi, a gajarta zagayen, gama mai kwasar ƙarshe shi tsada ta fi cuta.

5. Ya guji cin bashi domin biki ko suna, kada kuma ya cire yara daga makaranta don ya rage kashe kuɗi.

6. Ya saurari bayanin kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, ya tambayi wakilansa game da hanya da ruwa da asibiti. Duk abin da Gwamnati ta samar na waɗannan, ragi ne a kan aljihunsa.

Tsimi kaɗai ba ya maganin tsada. Maganinta shi ne kaya su yawaita, hanyar kawo su ta yi sauƙi, naira kuma ta tsaya da ƙafarta, wannan kuwa nauyi ne da ke kan hukuma tun daga Tarayya har ƙaramar hukuma. Amma magidancin da ya san dalilin abin da ke samunsa ya fi iya kare gidansa kafin sauƙi ya zo.