Babi na Tara: Kwakwa, Hayaƙi da Sikeli a Ƙauyukan Filifins

Mu a nan, kwakwa abin marmari ce. Yanki ɗaya a farantin mai talla, ko kwakumeti a hannun yara, shi ke nan. Akasarin wadda ke iso mana daga gaɓar teku take fitowa, irin su Badagiri a Jihar Legas. Amma a ƙasar Filifins, kwakwa ita ce hatsi, ita ce gyaɗa, ita ce kuɗin makarantar yara. Gonakinta sun mamaye kadada kusan miliyan 3.5, kuma manoma wajen miliyan 2.5 ne ke ci da ita.

A lardin Kezon da ke kudancin tsibirin Luzon akwai garin Katanawan, a bakin teku, wanda itatuwan kwakwa suka kewaye har kan tuddai. Abin da manoman irin wannan gari ke sayarwa shi ne kofra, wato busasshiyar tsokar kwakwa da ake matsa a fitar da mai.

Itacen kwakwa na son haƙuri. Dogon iri sai ya shekara shida zuwa takwas kafin ya soma 'ya'ya, amma in ya soma yana iya kai shekara sittin yana bayarwa, kuma ba shi da kaka ɗaya. Kusan duk kwana 45 ake girbi. Mai girbi na tsayawa a ƙasa da doguwar gora mai lauje a kai, ya tsinko nonnan da suka ƙosa. A tattara su a amalanke, ɓaunar gida da suke kira karabaw ta ja zuwa rumfa. A can an kafa wani ƙarfe mai tsini a ƙasa. Da shi ake soke ɓawon a murɗe a ɓare. Gwani kan ɓare sama da dubu a yini. Sai a fasa ƙoƙon biyu da adda, ruwan ya malale a ƙasa.

Daga nan aikin gaske ke farawa. Ɗanyar tsoka rabinta ruwa ne, kuma kamfanin mai na son danshin ya sauka zuwa kashi 6 cikin ɗari. Da a Katsina ne sai a ce a shanya a rana. To amma wannan ƙasa ce ta ruwan sama, rana ba ta da alkawari, tsokar da aka fasa kuwa ba ta jira: cikin sa'o'i kaɗan take soma yauƙi. Don haka manomi ya haƙa rami, ya ɗora gadon gora a kai, ya jera ɓarin kwakwar, ya hura wuta a ƙasa da ɓawon da ya ɓare. Wannan tanda ita suke kira tapahan. Nan mutum zai kwana yana gadin wuta, idanu na zubar da hawaye. In wuta ta yi yawa kofra ta ƙone, wani lokaci har rumfar. In ta yi kaɗan ta fito da danshi. Bayan ta ɗan motse a ƙwaƙule tsokar daga ƙoƙo, a mayar da ita kan hayaƙi. Kwakwa huɗu ko biyar ke ba da kilo ɗaya.

Kofrar da ba ta bushe sosai ba fumfuna take yi, fumfunar da ke haifar da gubar afalatoksin, wadda manoman gyaɗa na Kano suka sani sarai. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin bayan an matse man, wanda ya haura kashi 60 cikin ɗari na nauyin kofra, tunkuzar da ta rage dabbobi ake ba.

Me zai hana manomi ya busar da kyau? Amsar tana wurin sikeli. Ɗan baranda na gari yana zabge wani kaso na nauyi da sunan danshi, abin da suke kira resikada, kuma sau da yawa da ido da hannu yake kimantawa, ba da na'ura ba. Wanda ya wahala ya busar da wanda ya yi ha'inci duk zabge musu ake yi. Ga shi kuma tun kafin girbi manomi ya ci bashin shinkafa da kuɗin magani a wurinsa, dole shi zai kai wa kaya. In gonar ba tasa ba ce, mai ƙasa ya ɗebi kaso mafi tsoka. A ganina, duk mai zargin waɗannan manoma da sakaci bai tsaya gaban sikelin nan ba.

Daga hannun ɗan baranda buhuna ke wucewa masana'antun mai na birnin Lusena, man ya tafi Amurka da Turai ya shiga sabulu, man shafawa da biskit. Farashin kuwa a kasuwar Rotadam ake yanke shi, inda yake gogayya da man ƙwarar manja na Indunisiya da Malesiya.

Gwamnati ma ta ci nata. Daga 1973 zuwa 1982, zamanin Shugaba Ferdinand Marcos, an ɗora haraji a kan kofra da sunan raya noman kwakwa. An tara kusan peso biliyan 9.7, aka sayi banki da hannun jari a kamfanin San Miguel, makusantan shugaban suka riƙe ragama. Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce wani babban kaso na hannun jarin dukiyar gwamnati ce da za a kashe wa manoma, sai kuma a 2021 aka sa hannu kan dokar asusun da zai yi hakan. Da yawa daga cikin waɗanda aka yanki kuɗinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar.

Ana cikin wannan jira, a Nuwamban 2013, guguwar Haiyan ta afka wa tsibiran Bisayas ta Gabas, ta karya ko ta lalata itatuwan kwakwa kimanin miliyan 33. Mai shinkafa ya sake shuka ya girbe bayan wata huɗu. Mai kwakwa ya yanka kututturan da suka faɗi ya sayar a matsayin katako, ya dasa sabon iri, ya shiga ƙirga shekara shida.